Ruwan da Baba Habila Ya Hana

A wani gari mai zafi, inda ruwan famfo yakan zo kamar baƙo, ya kwana biyu ya wuce, akwai wani mutum da ya gina babban gidan kasuwanci, ƙasa da sama, shaguna sittin. Masu atamfa da masu katifa da teloli suna ƙasa. Masu takalma da masu gyaran waya da wata mai abinci suna sama. Mutumin nan yana yaro rumfar mahaifinsa ta ƙone a gobarar tsohuwar kasuwa. Ya ga motar kashe gobara ta iso bayan awa biyu, da jiniya mai ƙarfi, ba ruwa a cikinta. Bai manta ba.

Saboda haka da ginin ya kai rufi, ya kira waɗanda suka san aikin, suka ja jajayen bututu a ƙarƙashin silin, daga shago zuwa shago. A jikin bututun, kowane taku huɗu ko biyar, suka ɗaura wani ɗan kai na tagulla. A tsakiyar kowane kai akwai 'yar kwalba siririya, ba ta kai yatsan jariri ba, da jan ruwa a cikinta. Aikinta ɗaya ne, ta toshe bakin bututun. In wuta ta tashi a ƙarƙashinta, zafi ya kai mata, sai ta fashe, ruwa ya ɓarke ta wannan kai, ya bazu kamar laima a bisa wutar. Sauran kawunan su yi zamansu, sai in zafin ya kai gare su su ma.

A bayan ginin ya ɗora babban tanki a kan hasumiyar ƙarfe, sama da rufin, domin ruwan ya sauko da nauyin kansa, ko da lantarki ko babu. Ya san garinsu. A gindin hasumiyar akwai famfo biyu. Babban shi ne mai kai ruwa cikin bututun, aka ɗaure shi da sarƙa a buɗe. Ƙaramin kuwa na zubar da ruwa ne ranar wankin tanki, aka sa masa kwado a rufe.

Ranar buɗe ginin an yanka sa, an yi jawabai. Baƙi suka yaba tayil, suka yaba fenti, suka yaba gilasai. Wani babban baƙo ya ɗaga kai ya ga jajayen bututun, ya ce da an ɓoye su da ginin ya fi kyau. Iyakar abin da aka faɗa a kansu ke nan.

Maigidan ya ɗauki wani tsohon mai gyaran famfo ya kula da ginin, sunansa Habila, dattijo ne a ikilisiya. Mutum ne mai ƙarancin magana, abin da ya sa wasu suke ɗaukarsa mai hikima, wasu kuma kurma. Bayan shekara biyu ciwon ido ya kama maigidan, ya zama dole ya tafi wata ƙasa mai nisa neman magani. Kafin ya tashi ya kira Habila gindin hasumiyar, ya sa masa makullai biyu a hannu.

Ya ce, “Baba Habila, ba zan tara maka dokoki ba. Rigimar masu shaguna na bar wa ƙanena Barnaba. Kai naka ɗaya ne. Tankin nan ya zauna cike. Kada a ɗebi ko kofi ɗaya, sai in wuta ce ta ɗiba.”

Habila ya ce, “Na ji, ranka ya daɗe.”

“Za su roƙe ka.”

“Ni ma a garin nan aka haife ni.”

Maigidan ya tafi. Habila ya zura makullan a igiya, ya rataya a wuya, a ƙarƙashin riga.

Aikin ba mai ban sha'awa ba ne. Kowace safiya yakan hau tsani, ya tsoma doguwar gora a cikin tanki, ya duba inda jiƙa ta tsaya. Daga nan ya zaga shaguna. Masu shagunan sun gano cewa bututun yana da kyau wajen rataya kaya, kawunan tagullan kuma kamar don rataya riguna aka yi su. Habila yakan shiga, ya gaisa, ya sauke rigar, ya miƙa wa mai ita, ya fita. Washegari ya sake. Ranar da mai fenti ya zo sabunta silin, Habila ya bi shi a baya daga safe har yamma, yana naɗe kowane kai da takarda kafin buroshi ya iso, domin kan da fenti ya rufe ba ya jin zafi da wuri. Mai fentin ya ce shekara ashirin yana aiki, bai taɓa ganin mutum mai yawan lokaci irin wannan ba.

Wuta ba ta tashi ba. Ba wanda ya gode wa kowa a kan haka.

A shekarar da ta biyo baya aka yi bazara mai tsanani. Famfon gari ya ɗauke tun farkon zafi, bai dawo ba. Rijiyar burtsatsen ginin ta fara ba da laka, daga baya ta daina ba da ko lakar. 'Yan ga-ruwa suka zama manyan mutane, sai ka gaishe su sau biyu kafin su waiwayo. Aka kulle bayan gidan ginin. Mai abincin sama ta rufe shagonta ta koma gida. Malam Ilu mai katifa yakan kawo butarsa cike daga gida, ya ɓoye ta a bayan katifu kamar wani abin gado.

A wannan hali ne mutane suka fara ɗaga kai. Ga tanki a sama, cike, yana sheƙi a rana, ba ya yin kome.

Shugabar ƙungiyar masu shagunan wata tela ce, Mama Afiniki, mai keken ɗinki shida, ita ce kuma shugabar zumuntar mata a ikilisiyar su Habila. Mace ce mai kirki, ta kuma san haka. Ta same shi a gindin hasumiya yana share gorarsa.

Ta ce, “Baba, sannu da aiki. Yaya ruwanmu, yana nan lafiya?”

“Yana nan.”

“Madalla. Ba ya jin zafi a can sama? Ba ya bukatar kome?”

Habila ya ci gaba da share gorarsa.

“Baba, magana ta gaskiya na zo mu yi. Mata masu ciki suna aiki a ginin nan. Tsofaffi suna tafiya har tasha neman bayan gida. Ba duka muke nema ba. Jarka ashirin a rana, har ruwan sama ya sauko. Wa zai sani?”

“Gorar nan za ta sani.”

“Gora.”

“Jarka ashirin a rana, 'yar'uwa, kafin damina ya zama rabin tanki. Kuma ba a ashirin zai tsaya ba. In na buɗe wa mai ciki, ba zan hana mai goyo ba.”

“Shekara uku muna cikin ginin nan. Ka taɓa ganin wuta?”

“Ban gani ba.”

“To?”

“Ba ta aiko cewa ba za ta zo ba.”

Afiniki ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Ta ce, “Kai da kake raba mana jibin Ubangiji a majami'a da hannunka, ka hana maƙwabcinka ruwa. Ka je ka yi tunani a kai.”

Ya yi tunanin. Da gari ya waye aka gan shi ya ari kurar ruwa, ya nufi fadama, can bayan gari, inda wata tsohuwar rijiya take da sauran ruwa. Ya turo jarka goma, ya juye a duro a bakin ƙofar ginin, ya koma. Sawu biyu a rana, jarka ashirin cif, daidai abin da aka roƙa. Mutum ne mai shekara sittin da takwas, hanyar kuma akwai hawa.

Masu shagunan suka ɗebi ruwan. Ba su ƙi ba. Amma suka ce wannan ai shi ne taurin kan da ya fi na farko: tsoho zai kashe kansa a kan kura, alhali ga kogi a bisa kansa. Suka sa masa suna Sarkin Ruwa. In ya shigo yana haki, sai masu takalma su leƙo daga sama su ce, “Sarkin Ruwa, an gaishe ka. Yaya talakawa?” A taron addu'a na ranar Laraba wata 'yar'uwa ta yi doguwar addu'a domin masu taurin zuciya da suke zaune a kan albarkar jama'a. Ba ta kama suna ba. Kowa ya ce amin, har da Habila.

Da abin ya kai mako shida, ƙungiya ta kai ƙara wurin Barnaba, ƙanen maigida. Barnaba mutum ne mai son zaman lafiya, musamman nasa. Likitoci sun hana a dami wansa da maganar gida, saboda haka ya sa a yi taro ranar Asabar da la'asar.

A ranar, Afiniki tana cikin shagonta tana gugar kayan zumuntar mata, riga da zani na mata arba'in, waɗanda za su sa a babban taron shekara. Tana cikin guga aka ɗauke lantarki. A daidai lokacin aka leƙo aka ce ana jiranta, ita ce mai gabatar da ƙara. Ta ajiye dutsen gugar a kife a kan zanin da take gogewa, ta sallami masu koyon ɗinki, ta ja ƙofar ƙarfe ta kulle. Ba ta zare igiyar dutsen daga bango ba. Dutsen ya riga ya fara hucewa, zuciyarta kuma tana wajen jawabin da za ta yi.

Ta yi jawabi mai kyau. Barnaba ya saurara yana gyaɗa kai, ya kuma gyaɗa wa duk wanda ya yi magana bayanta. A ƙarshe ya juya wurin Habila.

Ya ce, “Baba, ka ji jama'a. Ni ba na son tashin hankali. Da yayana yana nan, da ya ga halin da ake ciki, na tabbata da ya sassauta.”

Habila ya ce, “Mai yiwuwa. Amma abin da ya faɗa kafin ya tafi shi nake da shi.”

“To, ga abin da za a yi. Ranar Litinin da safe, ko ka buɗe ƙaramin famfon, ko ka ba ni makullan ka je ka huta. Ka yi mana aiki, mun gode.”

“Makullan na gidanku ne. In ka miƙo hannu zan sa maka. Amma hannuna ba zai buɗe ba.”

Aka tashi a kan haka. Wasu suka ji kamar sun yi nasara, ko da yake ba wanda ya iya kallon tsohon sa'ad da ya ɗauki kurarsa ya tafi mayar wa mai ita.

Ranar Lahadi da hantsi, ana tsakiyar wa'azi, aka kawo lantarki. Fankokin majami'a suka fara juyawa, mutane suka yi ajiyar zuciya, mai wa'azi ya ƙara wa wa'azinsa tsawo. A can cikin shagon da yake kulle, dutsen guga ya kama aikinsa.

Zanin ya yi baƙi, ya kama. Teburin ya kama. Tsakanin shagon Afiniki da ɗakin ajiyar Malam Ilu katako ne kawai, bayan katakon kuwa katifu ɗari biyu ne a jibge har silin. Wanda ya taɓa ganin katifar soso tana ci da wuta ba ya bukatar bayani. Wutar ta miƙe, zafinta ya taru a sama, ya kai ga ɗan kan tagullan da Habila ya sauke riguna daga jikinsa ba sau ɗaya ba, ba sau hamsin ba. 'Yar kwalbar ta fashe.

Malam Ilu shi kaɗai ya buɗe shago a layin ranar. Ya ji wata ƙararrawa da bai taɓa ji ba tana kaɗawa a bangon waje, gama ruwan in ya motsa a cikin bututun shi yake kaɗa ta. Ya leƙo, ya ga baƙin ruwa yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar Afiniki, da hayaƙi ta sama. Ya kira wayar Habila, a kashe. Ya kira ta Afiniki, a kashe. Ya hau babur ɗinsa ya nufi majami'a, ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa, ya ce wa mai tsaron ƙofa, “Don Allah ku yi haƙuri, ku kira mini Sarkin Ruwa da Mama tela. Ban san ko ana katse muku ba, amma yau a katse.”

Da suka iso, Afiniki ta kasa sa makulli a kwado. Habila ya karɓa ya buɗe. Hayaƙi ya fito, suka ja da baya, sa'an nan suka duba. Rabin teburin ya zama gawayi. Zane uku sun ƙone. Katakon da ya raba su da katifu ya yi baƙi har tsayin mutum, amma bai huda ba. Wuta babu. A sama ɗan kai ɗaya, a cikin ɗaruruwan da suke ginin, yana ta zuba ruwa kamar bai san an gama ba.

Habila ya zaga, ya tona gawayin da ƙafa, ya dafa katakon da tafin hannu. Da ya tabbata, ya je gindin hasumiya ya kwance sarƙa, ya rufe babban famfo. Ya ɗauko sabon kai daga akwatin da maigida ya bari, ya hau kujera ya ɗaura, ya koma ya buɗe famfon, ya mai da sarƙa. Kayan sujadarsa sun jiƙe sharkaf.

Afiniki tana tsaye cikin ruwa har idon sawu, tana ɗaga riguna ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fara fitowa daga bakinta shi ne, “An jiƙa mini kayan mutane.”

Malam Ilu ya ce, “Mama, ki kawo, akwai igiya a bayan shagona, mu shanya. Da toka ce, ban san inda za mu shanya ta ba.”

Ta ga dutsen gugar a ƙasa, igiyarsa har yanzu a bango. Ta daɗe tana kallonsa. Ba wanda ya taimaka mata da bayani.

Da yamma Habila ya hau tsani ya tsoma gora. Ruwan ya sauka kusan rabi. Ya tsaya yana kallon inda jiƙar ta tsaya, domin da an ɗebi jarka ashirin a rana tun da aka fara roƙonsa, da kusan nan ruwan zai fara sa'ad da wutar ta tashi, ba nan zai ƙare ba.

Ranar Litinin ya zo da sassafe, makullan a hannu, gama Barnaba bai janye maganarsa ba. Ya tarar da kura bakwai a gindin hasumiya, da jarkoki a jere har bakin titi. Masu takalma ne, da masu waya, da masu atamfa, da ƙafafunsu duk lakar fadama. Barnaba yana tsaye a gefe yana gaya wa wani cewa shi dama tun farko zuciyarsa ba ta kwanta da shawarar ba. Habila ya miƙa masa makullan. Barnaba ya sa hannayensa biyu a aljihu.

Afiniki ce a gaban layi, ta ci ɗamara da gyale.

Ta ce, “Baba, kada ka tsaya kana kallona. Ban ce ka yi daidai ba.”

“Ban ji kin ce ba.”

“To. Ina igiya da guga? Ta ina ake hawa abin nan?”

Kwana tara suka yi suna jan ruwa sama da guga, a cikin zafin da kowa yake sayen na sha. A rana ta tara Habila ya tsoma gora, ya ɗaga ta sama yadda na ƙasa za su gani. Wani daga cikin masu takalma ya ce, “Sarkin Ruwa, an gaishe ka.” Kalmomin dai su ne na dā. Habila ya rataya makullansa, ya shiga zagayen shaguna, ya sauke riga biyu daga jikin bututu.

Yanzu ga ma'anar wannan misali, domin kada kowa ya tafi gida da wadda ta fi masa sauƙi.

Maigidan da ya tafi shi ne Ubangiji. Ginin shi ne wurin da ya ajiye ka: gidanka, ikilisiyarka, wurin aikinka. Tankin kuwa shi ne abin da ya damƙa maka ya ce ka riƙe cike, ko da ba ka ga ranar amfaninsa ba. Ga wani, alkawarin aure ne. Ga wani, gaskiyar bakinsa ce. Ga wani, sa hannu ne a kan takarda: shi malamin asibiti ne, ko mai duba gini, ko mai gyara jarrabawa, kuma in ya sa hannu mutane suna kwanciya a kan wannan hannun. Ga dukanmu, addu'a ce da tsoron Allah, waɗanda in ka dube su a ranar da kome yake lafiya, sai ka ga kamar ba sa yin kome.

Ku lura da waɗanda suka zo neman ruwan. Ba ɓarayi ba ne. Maƙwabta ne, masu bukata ta gaske, shugabarsu kuma mai tsoron Allah. Da wuya mugu ya zo ya ce maka ka zubar da amanarka duka. Ɗan'uwa ne zai zo, da fuskar da ka sani, ya ce kaɗan kawai, na ɗan lokaci, kuma wa zai sani. Manoman cikinmu sun san wannan muryar. Ita ce take magana a watan yunwa, sa'ad da aka dubi buhun irin shuka aka ce ai shi ma hatsi ne.

Kada kuma wani ya ce wutar ta zo ne domin ta wanke Habila. Ta zo ne domin an bar dutsen guga a kife. Da Afiniki ta zare igiyarta, da ranar Litinin an sallami tsohon, da ya tafi gida ana ce masa mai taurin kai har ya mutu, kuma da ya yi daidai duk da haka. Yawancin masu riƙon amana ba sa samun ranar Lahadi irin tasa. Gidajen da suka tsare ba su ƙone ba, saboda haka ba labari.

Akwai kuma waɗanda suka ji misalin nan da farin ciki, domin su ma sun iya cewa a'a. Su dakata. Habila ya hana tanki, amma ya ba da ƙarfin jikinsa. Jarka ashirin aka roƙa, jarka ashirin ya turo daga fadama, da ƙafafun shekara sittin da takwas. Wanda ya kulle famfo ya koma inuwa ya zauna, ba aminci ya yi ba, rowa ce ta sami aya. In za ka ce wa ɗan'uwa a'a saboda Ubangiji, ka fara tambayar inda ake aron kura.

Muna da irin Habila a cikinmu, kuma ba laifi mu yi alfahari da su, tun da su ba za su yi ba. Akwai wadda ta yi shekara goma sha biyar tana koya wa yara a ƙarƙashin bishiyar bayan majami'a, ba a taɓa kiranta gaba ba. Akwai wanda a kowane kwamiti shi ne yake ɗaga hannu ya ce wannan ba daidai ba ne, har aka daina zama kusa da shi. Akwai uwar da ta reni 'ya'ya biyar ba wanda ya taɓa jin ƙarya a bakinta. Ba su da kyan gani kamar tayil da gilasai. Wasu ma suna ganin da an ɓoye su da wurin ya fi kyau. Amma a ƙarƙashinsu muke zaune lafiya, ranar da zafi ya kai kuwa, su ne za su fashe a kanmu.

Mama Afiniki ma kada a raina ta. Ba ta iya cewa “na yi kuskure” da baki ba, amma ta faɗa da guga, kwana tara. Ubangiji yana jin wannan harshen. Wanda ya san ya taɓa matsa wa wani ya ɗebi abin da ba a ɗiba, ya san inda layin jarkoki yake.

Wani zai tambaya, me maigidan ya ce da ya dawo? Misalin bai faɗa ba, domin bai dawo ba tukuna. Zai dawo, idonsa kuma garau. Ba na tsammani zai fara da duba fenti. Zai zaga bayan gini, ya miƙa hannu ya ce, “Ba ni gorar.”